Gasar Neman Jari da Yaƙi da Talauci: Wa Ake Zaɓa, Wa Ke Amfana

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 wani ra'ayi ya riƙa samun gindin zama a tsakanin gwamnatoci da hukumomin agaji da attajirai masu gidauniya, wato cewa sadaka da ayyukan hukuma kaɗai ba za su raba jama'a da talauci ba, kuma sana'ar da ta tsaya da ƙafafunta, tana sayar wa talaka abin da yake buƙata a farashin da zai iya biya, ko tana sayen amfanin gonarsa, ko tana ɗaukar ɗansa aiki, takan daɗe tana amfanar mutane bayan kuɗin agaji sun ƙare. Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda bankinsa na Grameen ya zama cikakken banki a 1983 kuma ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2006, ya yayata wannan ra'ayi ta fuskar ba matalauta ƙananan rance ba tare da jingina ba, shi kuwa C. K. Prahalad, malamin harkar kasuwanci ɗan asalin Indiya, ya fitar da littafi a 2004 yana jan hankalin manyan kamfanoni da su ɗauki biliyoyin talakawan duniya a matsayin kasuwa maimakon abin tausayi. A kan irin wannan ra'ayi ne aka samu yawaitar asusu da gasa iri-iri waɗanda ke ba mai sana'a kuɗi kyauta domin ya kafa ko ya faɗaɗa kasuwancin da ake sa ran zai taɓa rayuwar marasa ƙarfi.

Kuɗin da ke shiga sana'a daga waje iri uku ne, kuma bambanta su yana da muhimmanci. Rance shi ne wanda ake biya a kan lokaci, galibi da kuɗin ruwa, ko sana'ar ta yi riba ko ta faɗi. Hannun jari shi ne kuɗin da mai shi ke zubawa ya zama yana da rabo a cikin kamfanin, a raba riba da shi, a kuma raba hasara, kusan yadda littattafan fiƙihu suka bayyana tarayya tsakanin mai dukiya da mai juya ta. Tallafi kuwa kyauta ne, ba a mayar da shi, ko da yake akan ɗaura masa sharuɗɗa game da abin da za a saya da shi. Tambayar da ta dace kowa ya yi ita ce, me zai sa a ɗauki kuɗin jama'a ko na gidauniya a miƙa wa mutumin da riba yake nema wa aljihunsa? Amsar masu wannan tsari ita ce akwai wani rata da kasuwa ta kasa cikewa da kanta: banki ba ya ba da rance sai da takardar fili ko gida a matsayin jingina, bankunan ƙananan rance ba sa wuce abin da zai ishi mai tireda ko mai ƙosai, masu zuba hannun jari kuma ba sa waiwayar sana'ar da ba ta riga ta nuna kanta ba, saboda haka mai dabara mai kyau da ke buƙatar 'yan miliyoyi don sayen inji yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Misalin da masu goyon bayan tallafi suka fi kafa hujja da shi daga Kenya ya fito. A 2003 ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya tana da wani asusu irin wanda ake kira asusun ƙalubale, wato wanda ke bayyana matsala sannan ya gayyaci kamfanoni su kawo mafita, wanda shawararsa ta karɓu a ba shi wani ɓangare na kuɗin gwaji shi kuma ya kawo sauran. Kamfanin Vodafone ya samu kimanin fam miliyan 1 daga asusun, ya ƙara da nasa, domin gwada hanyar da masu ƙananan rance za su riƙa biyan bashinsu ta wayar hannu. Da aka fara gwajin a 2005 sai aka lura mutane sun bar manufar farko suna aika wa juna kuɗi da tsarin, kuma a kan wannan ne kamfanin Safaricom, mai alaƙa da Vodafone, ya ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007. Wani nazari da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, wato kashi 2 cikin 100 na gidajen Kenya, duk da cewa wasu masana sun yi jayayya da hanyar da aka bi wajen lissafin. Abin lura a labarin shi ne abin da aka ba da kuɗin dominsa daban, abin da ya yi nasara daban, kuma da asusun ya kafe a kan rubutacciyar shawarar farko da abin ya mutu a gwaji.

Gasa ta fito fili ne a shekarun da suka biyo baya, kuma wasunsu sun yi suna ƙwarai. Gasar Hult, wadda ake yi tsakanin ɗaliban jami'o'in duniya, tana ba ƙungiya ɗaya dala miliyan 1 a shekara, kuma a 2013 wasu ɗaliban Jami'ar McGill ta Kanada ne suka cinye ta da shawarar kiwon ƙwari domin abinci, abin da ba zai ba mai cin fara a Kano ko Damagaram mamaki ba. Gidauniyar Jack Ma, attajirin ƙasar Sin, ta fara tata gasar ta 'yan kasuwar Afirka a 2019, inda Temie Giwa-Tubosun ta Nijeriya, mai kamfanin LifeBank da ke kai jini asibitoci, ta zo ta ɗaya a bikin da aka yi a Akara ta karɓi dala 250,000. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa ta bi wata hanya ta yawaita masu amfana maimakon girmama kyautar, domin a 2015 ta yi alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara 10 a kan 'yan kasuwa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54, kowanne da horo da mai ba shi shawara da jarin farawa na dala 5,000, kuma zuwa 2019 masu neman shiga sun haura 200,000 a shekara ɗaya. Irin waɗannan shirye-shirye sukan bayyana nasararsu da adadin waɗanda suka amfana da ayyukan da suka samar, sai dai wannan lissafi ba ya amsa tambaya mafi wuya, wato me zai faru da waɗannan mutane da ba a ba su komai ba, tunda wanda ya iya doke dubban abokan takara mai yiwuwa ne ya samu wata hanyar ko babu gasar.

Nijeriya ce ta ba duniya amsa mafi ƙarfi ga wannan tambaya, ta hanyar shirin YouWiN, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2011 lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, da taimakon Bankin Duniya da gwamnatin Birtaniya. An buɗe gasar ga 'yan Nijeriya da ba su wuce shekara 40 ba, masu son kafa sabuwar sana'a da masu son faɗaɗa wadda suke da ita, kuma a zagayen farko mutum kusan 24,000 suka cike takardar nema ta intanet. Daga cikinsu aka gayyaci 6,000 zuwa horon kwana 4 a kan yadda ake rubuta tsarin kasuwanci, wato takardar da ke bayyana abin da mutum zai sayar, da waɗanda za su saya, da abin da zai kashe, da ribar da yake hasashe. Sama da 4,500 suka miƙa cikakken tsari, aka tace su zuwa 2,400, sannan aka fitar da zakaru kimanin 1,200, waɗanda kowannensu zai iya samun har naira miliyan 10, matsakaicin abin da aka bayar kuwa ya kama kusan dala 50,000 a canjin wancan lokaci. Ba a danƙa kuɗin a dunƙule ba, kashi huɗu aka raba su, kuma sai mutum ya nuna ya cika sharuɗɗan kashin baya kafin a sakar masa na gaba.

Abin da ya bambanta YouWiN da sauran gasa shi ne yadda aka zaɓi mafi yawan zakarun. Mutum 480 an ɗauke su ne bisa makin da suka samu, wasu a matakin ƙasa wasu a matakin shiyya, amma sauran 729 ƙuri'a aka jefa aka fitar da su daga cikin mutum 1,841 da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, kwamfuta ce ta yi zaɓen ba tare da duban wanda ya fi maki ba. Wannan ya rufe ƙofar alfarma da kamun ƙafa a matakin da aka fi jin tsoronsu, ya kuma samar da abin da masu bincike ke kira rukunin kwatanci, wato mutanen da suka yi daidai da zakarun ta kowace fuska, ilimi da ƙwazo da ingancin shawara, in ban da cewa sa'a ba ta faɗa kansu ba. Duk wani bambanci da ya bayyana tsakanin rukunin biyu bayan shekaru, kuɗin ne suka haifar da shi. David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, shi ne ya bi sawun mutanen na tsawon shekara 5, ya wallafa sakamakon a 2017.

Sakamakon ya zarce abin da masana da yawa suka zata. Bayan shekara 3, idan aka jera masu neman kafa sabuwar sana'a 100 da ƙuri'a ta faɗa kansu da wasu 100 da ba ta faɗa kansu ba, waɗanda ke gudanar da kasuwanci a jerin farko sun ɗara na biyu da mutum 37, a tsakanin masu tsohuwar sana'a kuwa ratar waɗanda sana'arsu ta rayu ta kai kimanin mutum 20. Yiwuwar kamfani ya kai ma'aikata 10 ko fiye ta ƙaru da sama da mutum 20 cikin 100, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan dukkan sana'o'inta ba su wuce mai su da yaro ɗaya ko biyu ba. An ƙiyasta cewa zagayen farko ya samar da ayyukan yi kusan 7,000, wanda ke nufin an kashe kimanin dala 8,500 a kan kowane aiki, adadin da ke da nauyi a kunne amma wanda bai kai tsadar shirye-shiryen koyar da sana'a da yawa ba idan aka auna su da ayyukan da suka samar a zahiri. Binciken ya kuma nuna cewa zakarun sun sayi kayan aiki ne suka ɗauki ma'aikata, abin da ke nuni da cewa rashin jari ne ya daure su tun farko, kuma tsoron da ake yi cewa za a kwashe kuɗin a yi aure ko a sayi mota bai zama halin mafi yawansu ba.

Akwai kuma bincike na biyu a kan waɗannan mutane, wanda ba a cika ambatonsa a bukukuwan raba kyauta ba. McKenzie da Dario Sansone sun ɗauki makin da alƙalai suka ba kowane rubutaccen tsari suka gwama shi da abin da ya faru da sana'ar bayan shekara 3, sai suka tarar kusan babu dangantaka tsakanin makin da rayuwar sana'ar, ko cinikinta, ko ribarta, ko yawan ma'aikatanta. Sun gwada manhajojin kwamfuta masu koyo daga tarin bayanai, su ma ba su taɓuka abin kirki ba. Ya kamata a fahimci iyakar wannan sakamako, domin an yi gwajin ne a tsakanin waɗanda suka riga suka tsallake tacewar farko, don haka bai nuna cewa tantancewa gaba ɗayanta aikin banza ba ce. Abin da ya nuna shi ne da zarar an ware marasa niyya da masu wasa, ƙwararrun alƙalai ba su fi ƙuri'a sanin wanda zai yi fice ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma takardar tsarin kasuwanci ana rubuta ta ne tun miya na cike da kwano, lokacin da farashin man fetur bai tashi ba, mai kawo kaya bai saɓa alkawari ba, abokin tarayya bai gudu da kuɗi ba.

Hatsarin dogaro da abin da ke burge alƙalai ya fito sarai a labarin PlayPump, wani famfon ruwa da aka ƙera a Afirka ta Kudu a siffar lilon yara mai zagayawa, ta yadda wasan yara ne zai riƙa jawo ruwa daga ƙasa zuwa tanki. Dabarar ta ci gasar Bankin Duniya a 2000, kuma a 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 domin yaɗa ta. Da aka kafa famfunan a ƙauyukan Mozambik da wasu ƙasashe, wani lokaci a gurbin famfon hannu mai aiki, sai ya bayyana cewa yara kan gaji su watse, mata ne ke komawa suna tura lilon da hannu, kuma idan ya lalace gyaransa ya fi ƙarfin mutanen ƙauye, ga shi ya ninka famfon hannu tsada. Zuwa 2010 ƙungiyar da ke yaɗa shi daga Amurka ta naɗe tabarmarta. Hoton yara suna dariya suna jawo ruwa ya sayu a zauren taro, amma matan da za su ɗebi ruwan ba su cikin masu ba da maki.

A nan ne tsohuwar al'adar kasuwancin ƙasar Hausa ke da abin cewa. Tun zamanin fataken goro zuwa Gwanja, har zuwa lokacin da Alhassan Ɗantata ke ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, har zuwa Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi a yau, hanyar da aka fi sani ta samun jari ita ce yaro ya zauna ƙarƙashin ubangida shekara da shekaru, a aike shi da kuɗi a ga ko za su dawo cif, a bar masa shago a ga yadda zai yi da masu saye, sannan a sallame shi da jari ko a ba shi kaya bashi. Ubangida ba ya karanta takarda, hali yake karantawa, kuma yana da lokacin da alƙalin gasa ba shi da shi. Wani bincike da Reshmaan Hussam da Natalia Rigol da Benjamin Roth suka yi a jihar Maharashtra ta Indiya ya tabbatar da ƙimar irin wannan sani, domin sun tambayi ƙananan 'yan kasuwa su jera maƙwabtansu bisa wanda zai fi juya jari, sannan suka raba tallafi ta hanyar ƙuri'a, sai ga shi waɗanda maƙwabta suka sa a sama sun samu ribar da ta zarce ta sauran nesa ba kusa ba. Da ɗan gari akan ci gari ke nan. Sai dai binciken ya nuna ɗaya gefen, cewa da zarar mutane sun san maganarsu ce za ta yanke wanda zai samu kuɗi sukan karkata ga 'yan uwa da abokai, kuma wannan ita ce cutar da ta daɗe tana cin rabon tallafi a duk inda aka miƙa wa masu faɗa a ji takardun cikewa. Tsarin ubangida ma yana da nasa gibin, tunda wanda ba shi da mai tsaya masa ba ya shiga, mata kuwa galibi suna wajensa.

Sauran tambayar ita ce ina rabon talaka a duk wannan. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, ma'aunin da ke haɗa rashin lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi maimakon kuɗin shiga kaɗai, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, inda jihar Sakkwato ta kai kashi 91. Gasar da ake shiga ta intanet, da Turanci, da jadawalin hasashen riba na shekaru masu zuwa, ta riga ta yi tacewarta tun kafin alƙali ya buɗe takarda. Masu neman YouWiN mafi yawansu sun yi karatun gaba da sakandare, mata ba su da yawa a cikinsu har ta kai aka ware zagaye na biyu ga mata zalla, kuma rabon gurabe tsakanin shiyyoyi shida ne ya hana wasu yankuna tashi da kaɗan. Gidauniyar Elumelu tana karɓar takardu da Turanci da Faransanci da Fotugis da Larabci, wanda ci gaba ne, amma maƙerin da ke ƙera injin casar masara a bakin titi, ko matar da ke sarrafa gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli da ma'aikata shida a cikin gida, da Hausa suke lissafinsu, kuma sau da yawa sai sun biya wani a shagon kwamfuta ya rubuta musu tsarin da su kansu ba za su iya karantawa ba. Wannan gibi ne 'yan damfara ke shiga ta cikinsa, suna yaɗa sanarwar tallafi ta WhatsApp da Facebook da sunan manyan hukumomi suna neman kuɗin rajista, alhali sanannun gasa ba sa karɓar ko kwabo daga mai nema.

Saboda haka a gasa irin ta YouWiN talaka ba shi ne zakara ba, yana amfana ne a mataki na biyu, a matsayin ma'aikaci ko mai saye ko mai kawo kaya, kuma girman amfanin ya danganta da irin sana'ar da aka zaɓa. Babban Gona, kamfanin da Kola Masha ya kafa a 2012 wanda ya fara aiki da ƙananan manoman masara a jihar Kaduna, misali ne na sana'ar da aka gina ta a kan talaka kai tsaye, domin yana haɗa manoma a ƙananan ƙungiyoyi na waɗanda suka amince da juna, ya ba su iri da taki bashi tare da horo, sannan ya adana amfanin ya sayar a lokacin da farashi ya gyaru maimakon a kakar da kowa ke zubar da hatsi a kasuwa. Kamfanin ya samu lambar yabo ta gidauniyar Skoll a 2017. Irin wannan aiki yana buƙatar abin da asusun Acumen, wanda Jacqueline Novogratz ta kafa a 2001, ke kira jari mai haƙuri, wato kuɗin da mai su ya yarda ya jira shekaru da dama ya kuma karɓi ribar da ba ta kai ta kasuwa ba, domin noma damina ɗaya ake gwada shi a shekara, kuma kyautar gasa ta rana ɗaya ba ta kai shi gaci.

Ga waɗanda ke can ƙasa kuwa, shaidar da ake da ita a kan ƙaramin tallafi gauraye take. A Siri Lanka an ba masu ƙananan sana'o'i kyautar dala 100 ko 200 ta hanyar ƙuri'a a 2005, aka tarar jarin yana haifar da riba kusan kashi 5 cikin 100 a kowane wata a matsakaici, amma a hannun maza ribar ta taru, domin a sana'o'in mata kusan ba a ga ƙari ba, kuma wani bincike da aka yi daga baya ya nuna cewa a gidajen da miji ke da tasa sana'ar kuɗin matar sukan zarce can. A arewacin Uganda gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa da suka rubuto shawara kimanin dala 380 ga kowane mutum a 2008 domin koyon sana'a da sayen kayan aiki, bayan shekara 4 abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 38 cikin 100, amma bayan shekara 9 takwarorin sun kamo su. Tallafin ya gaggauta musu tafiya ne zuwa inda da ma za su isa a hankali, ko da yake shekarun da suka yi suna samun ƙari su ma riba ce.

Jamhuriyar Nijar ta ba da nata darasin. A can ne ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, wanda ya ɗora a kan adashin da mata suka saba da shi, kuma daga baya ya zama abin koyi ga ƙungiyoyin asusu da rance na ƙauye a ƙasashe da dama. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar Nature a 2022, an ɗauki matan da ke karɓar tallafin gwamnati na wata-wata aka sa su a ƙungiyoyin asusu tare da horon sana'a da mai bibiyarsu, sannan aka ƙara wa wani rukuni jari na sefa 80,000 a dunƙule, wato jika 80 a lissafin mutanen Nijar, wani rukuni aka ƙara masa horon dabarun rayuwa da taron gari inda aka nuna fim aka tattauna da mazaje da shugabanni a kan sana'ar mata, rukuni na uku kuma aka haɗa masa duka biyun. Dukkan rukunan sun samu ƙarin kuɗin shiga da abinci, amma idan aka auna amfani da abin da aka kashe, rukunin horo da taron gari ya yi fice saboda arharsa. Abin da ya daure matar ƙauye bai tsaya ga jari ba, har da yardar miji da ta gari da tata yardar da kanta, kuma babu gasar da ake cikewa ta intanet da ke taɓa waɗannan.

Shi kansa YouWiN bai daɗe a siffarsa ta farko ba, domin bayan sauyin gwamnati na 2015 an sake masa suna zuwa YouWiN Connect aka karkata shi ga ilimantar da masu sana'a, duk da cewa binciken da aka yi a kansa ya nuna kuɗin ne suka yi aikin. Faɗuwar darajar naira ta kuma sauya lissafin gaba ɗaya, tunda miliyan 10 da ta haura dala 60,000 a 2012 ba ta kai dala 10,000 ba a 2024, bayan sakin canji na 2023, alhali injinan da masu sana'a ke buƙata da dala ake shigo da su. Kenya ce ta ɗauki salon ta ci gaba da shi, inda a 2019 ta buɗe gasar MbeleNaBiz da taimakon Bankin Duniya, ta fitar da matasa 750, aka ba 250 daga cikinsu shilin miliyan 3.6 kowanne, sauran 500 kuma shilin 900,000, domin a auna ko ƙaramin tallafi ga mutane da yawa ya fi babba ga 'yan kaɗan samar da aikin yi.